Ibn Nafis: Faƙihin Da Ya Bayyana Hanyar Da Jini Ke Bi Ya Ciyar Da Zuciya

 

A cikin littafin Ɗabaƙatus Shafi'iyya na Imam Tajuddin Subki, inda aka jero malaman mazhabar Shafi'i tsara bayan tsara, akwai sunan wani mutum wanda ɗaliban fiƙihu kan wuce ba su tsaya a kansa ba, alhali kuwa a makarantun koyon likitanci na duniya an fi saninsa fiye da yawancin waɗanda aka jero shi tare da su. Shi ne Ala'uddin Abul Hasan Aliyu bn Abil Hazm, wanda ya shahara da Ibn Nafis. Ya koyar da fiƙihu a Alƙahira, ya yi rubutu a kan ilimin hadisi da nahawu da manɗiƙi, kuma shi ne farkon wanda aka samu ya rubuta cewa jini yana barin ɓangaren dama na zuciya ne ya bi ta huhu kafin ya isa ɓangaren hagu. Akwai kuma wata magana ta biyu da ya yi game da zuciya, wadda ba a cika ambatonta ba, kuma a kanta muke son mu fi daɗewa.

An haife shi a Dimashƙa ko kusa da ita, wajen shekara ta 607 bayan Hijira, daidai da 1210 Miladiyya, wasu kuma suna jinkirta haihuwar da shekara biyu ko uku. Ya fara da abin da yaran zamaninsa ke farawa da shi, wato Alƙur'ani da Larabci da fiƙihu, sannan ya shiga koyon likitanci a asibitin Nuri, wanda Sarki Nuruddin Zanki ya gina a 1154. Asibitin nan makaranta ce kuma. Malami yakan zaga majinyata da safe ɗalibai na biye da shi, in an gama a zauna a buɗe littafi. Babban malamin wurin a lokacin shi ne Muhazzabuddin Dakhwar, wanda ya rasu a 1230, bayan ya yi waƙafin gidansa ya zama makarantar likitanci. Mu riƙe wannan, domin ɗalibin nasa zai bi sawunsa bayan shekara kusan sittin.

Wani abin mamaki shi ne, a cikin waɗanda suka yi karatu wajen Dakhwar akwai Ibn Abi Usaibi'a, marubucin Uyunul Anba, littafin da ya tattara tarihin likitoci sama da ɗari huɗu. Yawancin kwafe-kwafen littafin ba su ambaci Ibn Nafis ba ko da a layi guda. Wasu sun ce ƙyashi ne irin na sa'o'i, wasu suka ce marubucin ya rasu a 1270 tun kafin sunan abokin karatun nasa ya gama cika duniya, daga baya kuma aka samu wani kwafi a Dimashƙa mai ɗauke da ɗan taƙaitaccen bayani a kansa. Mu dai kyautata zato ya fi mana. Abin da ya iso mana na rayuwarsa ya zo ne ta hannun marubutan da suka biyo baya, irin su Safadi da Umari, waɗanda suka ji daga mutanen da suka zauna da shi, cikinsu har da shahararren malamin nahawu da tafsiri Abu Hayyan na Andalus.

Wajen 1236, a zamanin Sarki Kamil na gidan Ayyubawa, ya koma Alƙahira, kuma a can ya ƙare rayuwarsa. Ya yi aiki a asibitin Nasiri wanda Salahuddin Ayyubi ya kafa, har ya zama shugaban likitocin Misra, yana kuma koyar da fiƙihun Shafi'i a makarantar Masruriyya. Zamanin ba na kwanciyar hankali ba ne. A 1250 mayaƙan Faransa suka sha kashi a Mansura, mulki ya fita daga hannun Ayyubawa ya koma hannun Mamalik. A 1258 Tattar suka rushe Bagadaza suka kashe Halifa. A 1260 aka tare su a Ainu Jalut. Duk wannan ya faru yana Alƙahira, birnin da malaman Iraƙi da Sham suka riƙa gudowa cikinsa da abin da ya saura na littattafansu.

Masu tarihi sun siffanta shi da dogo, siriri, mai mutunci da sakin hannu, wanda ba a hana mai neman fa'ida shiga wurinsa dare ko rana. Bai yi aure ba. Ya samu dukiya, ya gina gida wanda aka shimfiɗe da marmara, sarakuna da likitoci da ɗalibai suna halartar majalisinsa. In zai yi rubutu, sai a fere masa alƙaluma da yawa a ajiye, ya juya fuskarsa ga bango, ya yi ta rubutu da ka ba tare da duba littafi ba, in alƙalami ya dakushe ya jefar ya ɗauki wani don kada fira ta katse masa tunani. An ruwaito cewa wata rana yana cikin wanka a gidan wanka na jama'a sai ya fito ɗakin tuɓe kaya, ya nemi tawada da takarda, ya rubuta maƙala sukutum a kan bugun jijiya, sannan ya koma ya ƙarasa wankansa. Haka kuma an ce sun kwana suna tattaunawa da alƙali Ibn Wasil, masanin tarihi, tun bayan Isha'i har gari ya waye, alƙalin yana ta kumfar baki, shi kuwa yana amsawa cikin natsuwa.

Littafin da ya ɗaukaka sunansa a yau ya rubuta shi ne yana ɗan shekara talatin ko kusa da haka, domin akwai kwafinsa mai ɗauke da tarihin 640 bayan Hijira, wato 1242. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya warwatsa bayanin ƙirar jikin ɗan Adam a wurare daban-daban na littafinsa Alƙanun. Ibn Nafis ya tattaro su wuri guda ya yi musu sharhi, ya kira shi Sharhu Tashrihil Ƙanun. Domin mu gane girman abin da ya yi a ciki, sai mun san abin da aka gada kafinsa.

Shekara dubu da ɗoriya likitoci suna bin maganar Jalinus, likitan Girka da ya rayu a ƙarni na biyu na Miladiyya. A wurinsa, hanta ce ke sarrafa abinci ya zama jini, jinin ya taho ɗakin dama na zuciya, wani kaso nasa ya tsattsafa zuwa ɗakin hagu ta wasu ƙananan kafofi da ido ba ya gani a jikin bangon da ya raba ɗakunan biyu. Babu wanda ya taɓa ganin kafofin nan, amma tun da Jalinus ya faɗa, sai aka karɓa. Ibn Sina ma ya bi Aristo a kan cewa manyan ɗakunan zuciya uku ne. Sai ga wani saurayi ɗan Sham ya rubuta cewa ɗakunan biyu ne, bangon da ke tsakaninsu mai kauri ne, ba shi da kafa bayyananna ko ɓoyayya. Jinin ɗakin dama yana fita ne ta babbar jijiya zuwa huhu, ya bazu a cikinsa, ya gauraya da iska, sannan ya dawo ta wata jijiyar zuwa ɗakin hagu. Ya ƙara da cewa lalle akwai mahaɗa tsakanin jijiyoyin biyu a cikin huhun. Waɗannan siraran mahaɗan ba a gan su da ido ba sai a 1661, lokacin da Marcello Malpighi na Italiya ya leƙa huhun kwaɗo da madubin ƙara girma.

Ta yaya ya gano? A gabatarwar littafin ya bayyana cewa shari'a da tausayin da ke cikin ɗabi'arsa sun hana shi feɗe gawa, don haka zai dogara da bayanin magabata game da siffar gaɓoɓi, amma game da aikin kowace gaɓa zai bi abin da bincike da ingantaccen nazari suka nuna, ko ya dace da ra'ayin na gaba ko ya saɓa. Duk da haka a wurare da dama cikin sharhin yakan ƙaryata wata magana da hujjar cewa fiɗa ta nuna akasinta. Wannan ya sa masana suka rabu, wasu na ganin ya feɗe dabbobi, wasu na ganin hankali da ƙiyasi ne suka kai shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen fiɗar ragon layya ya riƙe zuciyarsa a hannu ya san cewa bangon nan tsoka ce mai ƙarfi. Miliyoyin mutane sun riƙe ta kafinsa, likitoci kuma sun karanta Jalinus sun gaskata littafi sun ƙaryata hannunsu. A ganinmu tarbiyyar da ya samu a usulul fiƙihi da ilimin hadisi, inda ake koya wa ɗalibi ya tambayi dalilin magana komai girman mai ita, tana da hannu a wannan ƙarfin hali. Bai raina Ibn Sina ba, domin ya ƙarar da shekaru yana hidimar littattafansa, kuma an ce ya fi girmama shi a kan Jalinus.

Yanzu ga magana ta biyu. Ibn Sina ya tafi a kan cewa zuciya tana samun abincinta ne daga jinin da ke cikin ɗakinta na dama. A zahiri wannan ya fi kama hankali: gaɓar da jini ke cika ta dare da rana, me zai sa ta nemi jini daga wani wuri? Ibn Nafis ya ƙi wannan. Ya ce abincin zuciya yana zuwa mata ne daga jinin da ke gudana cikin jijiyoyin da suka ratsa jikin naman nata. Misalinta kamar mai aikin famfon gari ne, wanda ruwan gari duka ke bi ta hannunsa, amma shi ba ya sha sai daga ɗan bututun da aka ja zuwa gidansa. In aka toshe wannan bututu, ƙishirwa za ta kashe shi yana tsaye a gaban tafki.

Likitancin zuciya na yau kusan duk a kan wannan ɗan bututu yake. Manyan jijiyoyi biyu ne ke fitowa daga gindin babbar jijiyar jiki su yi rassa su lulluɓe zuciya, kaurin kowace bai wuce 'yan milimita ba, kuma abin da ke bi ta cikinsu kusan kashi biyar ne cikin ɗari na jinin da zuciya ke turawa. Kitse yakan taru a bangonsu shekara da shekaru, hawan jini da ciwon sukari da shan taba suna ƙara ingiza shi. Ranar da tarin kitsen ya fashe, gudan jini ya daskare a kansa, hanya ta toshe. Wannan shi ne abin da ake kira bugun zuciya. Bayan kamar minti ashirin zuwa talatin naman da ke gaba da wurin toshewar zai fara mutuwa, daga ciki zuwa waje, kuma cikin 'yan sa'o'i yawancinsa ya tafi. Naman zuciya in ya mutu ba ya tsirowa, tabo ne ke maye gurbinsa, tabo kuwa ba ya bugawa.

Saboda haka likitoci suka duƙufa neman hanyar buɗe jijiyar. Aka samu alluran narkar da gudan jini. A 1977 kuma, a birnin Zurik na Suwizalan, Andreas Grüntzig ya zura siririn bututu mai ɗan balan-balan a bakinsa cikin jijiyar zuciyar wani majinyaci ya hura ya buɗe ta. Daga baya aka ƙara da saka ɗan ragar ƙarfe da ke tokare jijiyar kada ta sake rufewa. Rayukan da aka ceto ta wannan hanya, da ikon Allah, ba su ƙirguwa.

Amma sai aka tarar da wani abu mai ɗaure kai, wanda Robert Jennings da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana tun 1960 a gwajin da suka yi kan karnuka: dawowar jinin da kanta tana kashe wani sashe na naman da bai riga ya mutu ba. Manomi ya san irin wannan, domin gonar da ta sha fari har ƙasa ta tsattsage, ruwan farko in ya zo kamar da bakin ƙwarya yakan kwashe shukar da farin ya bari. A cikin kowace ƙwayar naman zuciya akwai wasu 'yan murahu da ke ƙona abinci su samar da ƙarfi, masana na kiran su mitokondiriya. Lokacin da jini ya yanke sukan tara abin da ba su ƙona ba. Da iskar oksijin ta dawo kwatsam, sai su yi aman wasu sinadarai masu cin duk abin da suka taɓa, sinadarin kalsiyam ya yi ambaliya cikin ƙwayar, wata ƙofa da ke jikin murhun wadda ya kamata ta zauna a rufe ta wangale, murhun ya kumbura ya fashe. Duk wannan cikin mintuna na farko. Bayan sa'o'i fararen ƙwayoyin jini su yi cincirindo a wurin su ƙara kumburi, wasu siraran jijiyoyi kuma su ƙi karɓar jini ko da an buɗe babbar. A gwaje-gwajen dabbobi an ƙiyasta cewa wannan ɓarna ta biyu takan kai kusan rabin girman tabon da ke saura.

Kada mai karatu ya fahimci wannan a baibai. Jijiyar da ba a buɗe ba, naman duka ne zai mutu. Wanda ya ji nauyi ko matsi a ƙirji mai tafiya zuwa hannun hagu ko muƙamuƙi, tare da gumi da ƙarancin numfashi, wurinsa asibiti ne nan take, a yi masa addu'a a cikin mota. Jira a ga abin da gari zai waye da shi, ko a fara da jiƙo, shi ke cinye sa'o'in da ake iya ceton naman.

Matsalar da ta rage ita ce yadda za a kare zuciya a waɗannan mintuna. Magungunan da suka yi aiki a jikin ɓera da zomo suna da yawa, amma da aka zo kan mutane yawancinsu sun ba da kunya. Mafi shahara shi ne saikulosforin, maganin da ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, wanda ke iya rufe ƙofar murhun nan da muka ambata. Wani ƙaramin gwaji a Faransa a 2008 ya ba da fata, amma babban gwajin da aka buga sakamakonsa a 2015, mai majinyata kusan dubu, bai nuna wani amfani ba. Daga cikin dalilan da masana suka kawo har da cewa maganin da aka zuba a jijiyar hannu yakan watsu a jiki duka, abin da ke isa wurin ciwon a kan lokaci kaɗan ne, in kuma aka ƙara yawansa sai ya cutar da ƙoda.

A nan ne binciken yau ya dawo kan wata tambaya da Ibn Nafis da malamansa suka sani sarai. A littafi na biyar na Alƙanun, mai magana a kan haɗaɗɗun magunguna, wanda shi ma Ibn Nafis ya yi masa sharhi, an kawo dalilan da ke sa likita ya haɗa magani da wani. Ɗaya daga ciki shi ne, wani maganin yana da amfani amma ba ya isa gaɓar da ake nufi da kansa, sai an haɗa shi da wanda zai raka shi. Suna kiran wannan da mubazriƙ, daga kalmar Farisanci mai nufin 'yan rakiyar ayari. Misalin da suka saba bayarwa shi ne za'afaran da ake sakawa cikin ƙwayoyin kafur don ya kai su zuciya. Ba muna cewa za'afaran yana yin wannan aiki kamar yadda suka zata ba, kuma kada wani ya je ya gwada. Amma sun gane cewa ingancin magani abu ne daban, isarsa inda ake so kuma abu ne daban.

'Yan rakiyar yau wasu ƙananan ƙunshe-ƙunshe ne da ake yi da kitse ko da wani irin roba mai narkewa a jiki, girman kowanne kamar nanomita ɗari, yadda ɗaruruwansu za su jeru a faɗin silin gashi guda. Ana cusa maganin a ciki. Da yake jijiyoyin wurin da ya ji rauni sukan yi yoyo, ƙunshin yakan fi taruwa a can. Wasu masu bincike suna manna masa alamar da ke kama sunadaran da ba sa bayyana sai a naman da ya ji ciwo, wasu suna lulluɓe shi da fatar ƙwayoyin da ke daskarar da jini, tun da su a ɗabi'arsu wurin rauni suke nufa, wasu kuma suna ƙera shi yadda ba zai buɗe ba sai ya haɗu da sinadaran nan masu ci. A Japan an gwada saka saikulosforin ɗin kansa cikin irin wannan ƙunshi a jikin dabbobi, aka ga tabon ya ragu da ɗan maganin da bai kai na da ba. Dabarar ta riga ta yi aiki ta wata fuskar: tun 1995 aka amince a Amurka da wani maganin ciwon daji da aka ƙunshe cikin kitse, wanda ƙunshewar ta rage illar da yake yi wa zuciya. Amma game da kare zuciya bayan dawowar jini, yawancin aikin yana matakin dabbobi har yanzu, hanta da saifa kuma suna tare mafi yawan ƙunshe-ƙunshen kafin su isa. Kowanne daga cikinsu kuwa, in zai isa, ta jijiyoyin nan da suka ratsa naman zuciya zai bi.

Wajibi ne mu yi adalci, domin wasu marubutanmu in sun zo kan irin waɗannan malamai sukan zarce gona da iri har su jingina musu abin da ba su faɗa ba. Ibn Nafis bai san cewa jini yana kewaya jiki duka ya dawo ba, wannan sai William Harvey na Ingila a 1628. Ya ci gaba da ɗaukar hanta a matsayin masana'antar jini. Bai san oksijin ba, kuma abin da ya sa shi damuwa da haɗuwar jini da iska shi ne bayanin yadda ruhin da likitocin zamaninsa ke magana a kai yake samuwa a ɗakin hagu. Abin da ya faɗa daidai ya isa abin alfahari ba sai an yi masa ƙari ba.

A wajen jinya kuwa, mutum ne mai taka-tsantsan da magani. Ba ya rubuta magani matuƙar abinci zai wadatar, ba ya rubuta haɗaɗɗe matuƙar guda ɗaya zai yi. An ruwaito cewa mai shagon magungunan da yake zama wurinsa ya gaji da ganin ana aika majinyata su dafa alkama da nama, har ya ce masa in haka zai ci gaba gara ya koma rumfar mahauta ya zauna, domin shi shagonsa na masu sayen sukari da ruwan magani ne. Wasu mutanen zamaninsa sun ɗauki wannan a matsayin rauni, suka ce iliminsa ya fi jinyarsa. Mu kuwa da muke ganin yadda ake haɗiyar ƙwayoyi barkatai daga kanti ba da izinin likita ba, har ƙoda ta lalace, mun fi karkata ga ɓangarensa.

Babban burinsa shi ne littafin Asshamil, kundin likitanci da ya tsara zai kai mujalladi ɗari uku. Ya gama tsaftace tamanin kafin ajali. Abin da ya tsira ya warwatsu a ɗakunan karatu na ƙasashe, kuma a zamaninmu Yusuf Zaidan na Misra ya tattara sashen abinci da magunguna aka buga a Abu Dabi. Yana da littafi a kan ciwon ido, da sharhi a kan Buƙrat, da taƙaitaccen littafi a kan usulul hadisi. Almujaz, taƙaitawar Alƙanun da ake danganta masa, shi ne ɗaliban likitanci suka yi ƙarnoni suna karantawa daga Misra har Indiya. Sai kuma Arrisalatul Kamiliyya, labarin wani mutum mai suna Kamil da ya tashi shi kaɗai a tsibiri, ya yi ta nazari har ya san Mahaliccinsa, sannan ya gane cewa mutane ba su wadatuwa daga Annabi da shari'a, kuma tashin ƙiyama da jiki ne. Ana kallon littafin a matsayin martani ga Hayyu bn Yaƙzan na Ibn Ɗufail. Wanda ya karanta shi zai ga cewa likitan da faƙihin ba su taɓa zama mutum biyu a cikinsa ba.

A ƙarshen rayuwarsa Sarki Mansur Ƙalawun ya gina babban asibitin Mansuri a tsakiyar Alƙahira, a 1284, aka yi waƙafinsa ga mai kuɗi da talaka, namiji da mace. Ibn Nafis yana da shekara sama da saba'in a lokacin. Kamar yadda malaminsa Dakhwar ya yi a Dimashƙa, shi ma ya yi waƙafin gidansa da littattafansa da dukiyarsa ga wannan asibiti. Da ya kwanta ciwon ajali, wasu abokansa likitoci suka ba shi shawarar ya sha ɗan giya, don a ganinsu za ta yi wa ciwon magani. Ya ƙi, ya ba su dalili cewa ba ya son ya gamu da Allah da giya a cikinsa. Shi ne shugaban likitocin ƙasar, ya fi su sanin abin da littattafan Girkawa suka ce game da amfaninta, ya kuma san hadisin Ɗariƙ bn Suwaid da ke cikin Sahihu Muslim mai hana yin magani da ita. Bayan kwana shida yana jinya, ya rasu ranar Juma'a 21 ga Zulƙida, 687 bayan Hijira, daidai da 17 ga Disamba 1288, yana da shekara kusan tamanin. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Maganarsa a kan huhu da zuciya ba ta samu masu ɗorawa a kanta da yawa ba. Wasu masu sharhi a Farisa da Misra sun kawo ta, amma karatun ɗalibai ya tsaya a kan taƙaitattun littattafai. A Turai, wani likita ɗan Italiya mai suna Andrea Alpago, wanda ya yi shekaru masu yawa a Dimashƙa, ya fassara wani yanki na sharhin Ibn Nafis zuwa Latin, aka buga a birnin Benis a 1547, kuma yankin da aka buga ɗin na haɗaɗɗun magunguna ne. Bayan shekara shida Michael Servetus ɗan Sifen ya bayyana tafiyar jini ta huhu a cikin wani littafin addini, aka ƙone shi a Janiba a 1553 saboda ya musanta aƙidar Allah uku. Realdo Colombo ya maimaita bayanin a 1559. Ko sun samo daga Ibn Nafis ko sun gano da kansu, masana tarihi suna jayayya a kai har gobe.

Sunansa ya dawo ne ta hannun wani ɗalibi ɗan Misra, Muhyiddin Taɗawi, wanda ke karatun likitanci a Jami'ar Firaibug ta Jamus. Yana binciken rubuce-rubucen Larabci a ɗakin karatu na Balin sai ya ci karo da kwafin Sharhu Tashrihil Ƙanun, ya rubuta kundin digirinsa a kansa a 1924. Malamansa ba su iya Larabci ba, don haka suka aika da aikin ga Max Meyerhof, likitan ido Bajamushe mazaunin Alƙahira, wanda ya duba wasu kwafe-kwafen, ya tabbatar da abin da ɗalibin ya gano, ya kuma buga nassin tare da fassara a shekarun 1930. Ginin Ƙalawun yana nan tsaye a titin Mu'izz na tsohuwar Alƙahira, kuma a wani sashe na filin tsohon asibitin ana duba masu ciwon ido har yau.